Lambar da ke wuyan riga ba awon jikinka ba ce

Aikina a wani kamfani mai sayar da tufafi da takalma ta intanet shi ne karɓar kayan da aka dawo da su. Kwali ya iso, a buɗe, a duba ko an sa kayan, a karanta dalilin da mai saye ya bayar, a rubuta. Ba aiki ne da kowa ke so ba, amma duk abin da masu talla da masu ɗaukar hoto suka rufe a can gaba, a kan teburinmu yake buɗewa.

Dalilan ba su da yawa. Ta yi min kaɗan. Ya yi min yawa. Yana matse min yatsu. Wani lokaci riga iri ɗaya ce, lamba ɗaya, wannan ya ce ta ɗame shi, wancan ya ce ta yi masa burum-burum. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda mutane da yawa ke rubutu kamar masu neman gafara: wai sun yi ƙiba ne, wai ƙafarsu ce ba ta da fasali, wai jikinsu ne ba irin na mutane ba. Ni kuwa da tef a hannu nake auna abin da suka dawo da shi, kuma na san sau da yawa jikinsu bai yi laifin komai ba.

Wani dattijon tela da ke duba ingancin ɗinki a wurinmu shi ya fara buɗe min ido. Ya ajiye min wanduna uku, zane ɗaya, lamba ɗaya, launi kawai ya bambanta. Na ce, "Malam, ai duk ɗaya ne." Ya ce, "Ɗana, shimfiɗa su ka auna ƙugu." Babu biyu da suka zo daidai. Ya yi min bayani cewa a masana'anta ana jibge yadi ne hawa-hawa a yanka shi lokaci guda, na sama da na ƙasa ba sa fita cif-cif. Masu ɗinki ma hannunsu ba ɗaya ba ne, rini da wanki suna sa wani yadin ya tsuke fiye da wani, kuma kamfani da kansa yana yarda da 'yar tazara a sama ko a ƙasa da awon da ya bayar. Santimita ɗaya a wandon da aka shimfiɗa, biyu ce idan ya zagaye ƙugu. Wanda yake a bakin iyakar lambarsa, wannan biyun ita ce tsakanin maɓalli ya shiga da ya ƙi shiga.

Wannan a cikin kamfani ɗaya ke nan. Tsakanin kamfani da kamfani kuwa, babu wata doka da ta tilasta wa kowa abin da M ko L ko 12 za su nufa. Da na bi asalin lambobin, na ga tun farko a kan ƙasa mai laushi aka yi ginin. Na maza sun samo tushe daga kayan soja, musamman lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda aka riƙa ɗinka kaki da yawa bisa awon ƙirji. Na mata sun fi wuya. A 1939 zuwa 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta sa Ruth O'Brien da William Shelton suka jagoranci auna mata kusan 15,000, kowace aka ɗaukar mata awo 59. Amma awon farar fata kaɗai aka yi lissafi da shi, kuma da yake ana ba da ɗan kuɗi ga wadda ta zo, yawanci marasa hali ne suka fito. A kan wannan aka ɗora ma'aunin da gwamnati ta fitar a 1958, aka sabunta shi a 1970, aka janye shi gaba ɗaya a 1983. Tun daga nan kowa da nasa. Wasu kamfanoni suka riƙa faɗaɗa riga suna barin ƙaramar lamba a wuyanta don mai saye ya ji daɗi, har ya zama lambar da mace ta sa shekaru arba'in da suka wuce ba ita ce ta yau ba, ko da jikinta bai motsa ba. Turai ta yi ƙoƙarin kawo tsarin da zai rubuta awon jiki da santimita a kan tufafi, amma ba dole ba ne, kuma waɗanda suka bi shi ba su da yawa.

Ko da an auna kowa da kowa, akwai matsalar da ba za ta kau ba. A 1950 wani matashin mai bincike a rundunar sojan saman Amurka, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon ma'aikatan jirgi 4,063. Ya zaɓi awo goma, irin su tsawo da ƙirji da tsawon hannu, ya nemi mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a duka goman. Ko ɗaya bai samu ba. Mai matsakaicin tsawo sai a tarar hannunsa dogo ne, mai matsakaicin ƙirji sai a tarar ƙugunsa ya fita. Waɗannan kuwa sojoji ne da aka riga aka tace. Duk lokacin da na karanta saƙon wani yana zargin jikinsa, wannan binciken nake tunawa, domin mutumin da ake yi wa ɗinkin kanti bai taɓa wanzuwa ba.

Yadda ake fitar da lambobin ma yana ƙara wa abin nauyi. Ba a zana kowace lamba daban. Ta tsakiya ake yankawa, a gwada a jikin mutum guda da kamfani ya ɗauka don haka, a gyara har ta zauna masa. Daga nan sai a riƙa ƙara 'yan santimita a ko'ina don a samu manya, a rage don a samu ƙanana. Amma ba haka jiki yake girma ba. Wanda ya yi ƙiba hannunsa bai ƙara tsawo ba, kafaɗarsa ba ta buɗe daidai da cikinsa ba. Shi ya sa mai babban jiki yake samun rigar da ta rufe masa ciki amma hannunta ya wuce yatsu, kafaɗarta ta zubo. Gwargwadon nisanka da lambar tsakiya, gwargwadon yadda kayan za su ƙi ka. A teburinmu, manyan lambobi da ƙanana sosai su ne suka fi yawan dawowa da ƙorafi mai zafi, kuma su ne ake fara rasawa a shafinmu na intanet.

Takalmi ya fi riga rashin yafiya, domin riga in ta ɗan yi yawa ana haƙuri ko a kai wa tela, takalmi kuwa in ya matse sai bororo da kanta. Lambar Turai tana hawa ne da kashi biyu cikin uku na santimita, wato kimanin milimita 6.7. Ta Ingila da ta Amurka suna hawa da kashi ɗaya cikin uku na inci, kimanin milimita 8.5, kuma ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirga ba. Matakan ba sa haɗuwa, don haka duk jadawalin da ke juya wannan zuwa wancan kintace ne. Lamba 42 ta Turai, wani kamfani zai ce 8 ce ta Ingila, wani ya ce 7 da rabi. Sannan duk waɗannan tsawo kawai suke faɗa. Ba su ce komai a kan faɗin ƙafa ba, ko tudun gadonta, ko sirantar diddige, ko yadda yatsu suka jeru. Kowane takalmi a kan wani samfurin ƙafa na katako ko roba ake gina shi, kuma siffar wannan samfurin ita ke yanke hukunci, amma mai saye ba ya ganinta. Na'urar ƙarfen nan da Charles Brannock ya ƙera a shekarun 1920, wadda ake ɗora ƙafa a kai a kantunan takalma, abu uku take aunawa: tsawo, faɗi, da nisan diddige zuwa gaɓar babban yatsa. Shafin intanet ya ɗauki ɗaya ya bar biyu. Akwai tsarin Mondopoint da ke ba da tsawon ƙafa da faɗinta da milimita, sojoji da masu wasan zamiya a ƙanƙara suna amfani da shi, kuma har yau ina ganin hasara ce da bai zama na kowa ba.

A da, duk wannan ruɗanin yana nan, amma ɗakin gwaji yana shanye shi. Ka ɗauki biyu, ka sa, ka ɗaga hannu, ka zauna, ka taka, cikin minti biyar ka san naka. Mai kanti da ya ƙware ma kallon ƙafarka kawai zai yi ya ce wannan ba zai yi maka ba. Da ciniki ya koma waya, aikin nan bai ɓace ba, kan mai saye aka juye shi, ba tare da an ba shi kayan yinsa ba. An ba shi hoton wani dogo siriri, wani lokaci ma an ɗame rigar ta baya da abin matsewa don ta zauna a hoto, an ba shi jadawali guda da aka manna wa duk kayan shafin, aka ce ya zaɓa. Cinikin biri a sama ke nan.

Mutane suka nemo dabararsu: su yi odar lamba biyu ko uku, su riƙe ɗaya, su mayar da saura. A taronmu ana maganar masu yin haka kamar masu cutar kamfani, kuma ban taɓa yarda ba. Ɗakin gwajin da aka raba su da shi ne suka gina a gida. Gaskiya ne mayarwa tana cin kuɗi, ga sufuri, ga kwali, ga sake dubawa da gogewa, wani kayan ma ba ya sake sayuwa da darajarsa. Shi ya sa a 2022 wasu manyan kamfanoni, ciki har da Zara, suka fara karɓar kuɗi a kan kayan da aka mayar ta hanyar aike. A Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya saya daga nesa kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan kariya ba. Wanda ya yi oda daga wata nahiya, kuɗin mayarwa kan fi kuɗin takalmin, sai ya haƙura ya kyautar ko ya sa a haka yana ɗingishi. Kuma dabarar oda uku ta mai kuɗi ce a hannu. Wanda ya tara na guda ɗaya da ƙyar, harbi ɗaya gare shi.

Manhajojin da ke tambayar tsawonka da nauyinka su ba ka lamba suna ɗan taimakawa, sai dai ba su san cewa wannan zubin na wando ya fito a tsuke ba. Abin da na ga yana aiki ya fi haka sauƙi, ya kuma fi cin wahala. Ni da dattijon nan muka roƙi a bar mu mu auna wasu kayan da hannu, kowace lamba, mu rubuta awon kayan kansu: faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, kafaɗa, tsawon hannu, ƙugu, cinya, tsawon ƙafar wando ta ciki. Muka ƙara da faɗin ko yadin yana miƙewa, da ko auduga ce zalla da za ta iya tsukewa a wankin farko. Sai muka ce wa mai saye ya ɗauko rigar da ta fi yi masa daidai a gida, ya shimfiɗa, ya auna, ya kwatanta. Auna riga ya fi auna jiki sauƙi, domin wanda ke auna kansa yakan ja ciki ko ya karkata tef, kuma awon jiki ba ya faɗin irin sararin da mutum yake so. Kayan da muka yi wa haka dawowarsu ta ragu a fili, saƙonnin neman gafarar nan ma suka yi sauƙi. Abin da ya hana a yi wa duka shi ne lokaci: sabon kaya yana shigowa kowane mako, tef kuma hannu yake so.

A takalmi ba mu yi nisa haka ba. Muna rubuta tsawon shimfiɗar ciki da milimita, muna faɗin ko bakinsa a tsuke yake ko a buɗe. Muna shawartar mutum ya tsaya a kan takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da zai riƙa sawa, wani ya zana masa ƙafafun biyu, ya yi aiki da wadda ta fi girma, ya bar sararin kusan santimita ɗaya a gaban yatsa. Wannan yana rage kuskuren tsawo. Amma mai faɗin ƙafa, da mai ciwon suga da aka ce kada takalmi ya goge shi, da tsohuwar da yatsunta suka karkace, da yaron da ƙafarsa ke ƙaruwa kafin kwali ya iso, idan suka rubuto min, abin da nake gaya musu shi ne su nemi inda za su sa ƙafa a ciki su taka kafin su biya, ko da kuwa ba a wurinmu za su saya ba.