Jinin Asibi

Jiya na raka ƙanena a yi masa allurar rigakafin cutar shawara, saboda sai da katin za a bar shi ya shiga Ghana. Muna kan layi wani dattijon likita, mutumin Agege, ya ce: "Samari, kun san jinin wa ke cikin kwalbar nan?"

Ashe a 1927 aka ɗebi jinin wani ɗan Ghana mai suna Asibi da ya kamu da cutar ya warke. Hedikwatar masu binciken cutar tana nan Yaba. A shekarar ne cutar ta kashe ɗaya daga cikinsu, Adrian Stokes, a nan Legas. Ƙwayar da aka samu a jinin Asibi ce wani masanin kimiyya, Max Theiler, ya yi ta renonta a ƙwan kaji har ta yi laushi, ta zama rigakafi a 1937. Ya karɓi kyautar Nobel a 1951.

Theiler haziƙi ne, ba musu. Amma ɗan Adam dai, suna ɗaya yake son riƙewa. Masu kama sauro don binciken da masu share kejin biran gwaji fa? Ƙanena kam hannunsa kawai yake murzawa, yana tambayar kuɗin mota zuwa Akara.