Kwabo mai huji a bangon zauren Kaka

'Yan uwa masu koyon bin diddigin tarihi, ga inda na kwana a mako na shida kan tsohon gidanmu na ƙauye a ƙasar Nafada.

Gardamar dai tana nan. Ɗaki ɗaya na danginmu sun ce an kafa gidan tun kafin yaƙin Burmi na 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a cikinsa. Ɗaya ɗakin kuma sun kafe sai bayan da Turawa suka mai da fadar Gombe daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913. Shekara goma ce tsakani, amma an yi shekara hamsin ana musu a kanta.

Da damina ta zubar da gefen bangon zaure, yaro ya tsinto kwabo a cikin ƙasar. Na goge shi da lemun tsami: huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida, sunan Sarki Joji na biyar na Ingila, ga 1920 ƙarara. Har na fara buga ƙirji, na ce ai magana ta ƙare. Wani tsohon magini ne ya kwance mini zani a kasuwa. Ya sa farce ya ɓantari bangon, ya nuna mini yaɓe kan yaɓe har hawa biyar, ya ce, "Ɗana, a cikin tubali aka same shi ko a cikin yaɓe?" A yaɓe ne, hawa na uku. Ke nan kwabon yana faɗin cewa ba a yi wannan gyaran kafin 1920 ba, bai san ranar da aka sa harsashi ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne bangon ya riga shi zuwa.

Kuskure na biyu nawa ne. Na zaunar da Baffa da ƙaninsa a tabarma ɗaya ina naɗar muryarsu, duk abin da babba ya faɗa sai ƙaramin ya ce, "Haka ne, Yaya." Shaida ɗaya na samu, ba biyu ba. Ku riƙa raba su. Kuma kada ku tambayi shekara, ku tambayi abin da ya faru: lokacin Sarkin Gombe yana Nafada ko ya koma Doma, wato garin Gombe na yanzu? Wannan ƙaura 1919 ce, tana yanke zance.

Wata mai kamawa, in Allah ya yarda, zan je gidan adana takardun tarihi na Kaduna in duba rahotannin haraji na gundumar, ko sunan ƙauyen ya fito kafin 1913.