Gam ɗin da ya fasa min sel takwas

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Furojek ɗina na ƙarshe farantin sola ne na ƙaramin tauraron ɗan adam irin CubeSat, ɗan akwatin nan mai santimita 10 kowane gefe, kuma hankalina duk yana kan sel, wato ƙananan allunan nan da ke mayar da hasken rana lantarki. Wata guda ina karatu kan na galiyom asenayid masu hawa uku da ke mayar da kusan kashi 30 cikin ɗari na hasken rana lantarki, kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne, dole na haƙura da na silikon. Gam kuwa ko a raina ban kawo shi ba, kasuwa na shiga na sayo efoksi na liƙe sel 12 kan alminiyom, ya kama kamar dutse har ina murna.

Tauraron ɗan adam irin wannan na zagaya duniya cikin kusan minti 90, ya shiga rana ya faɗa inuwa wajen sau 16 kullum, to don in kwaikwayi haka sai in ɗora farantin kan kwanon ɗakinmu da azahar, a zafin Afrilu na Sakkwato fa, in sauko da shi in kai firizar maƙwabcinmu mai ƙanƙara. Rana ta uku na ji ƙas a hannuna. Takwas sun tsage.

Malam ya juya farantin ya ce, "Ɗana, alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki tara na silikon, kai kuma ka haɗa su da gam da ba ya motsi, dole mai rauni ya fashe." Shi ya sa ake amfani da gam mai laushi kamar roba, a shimfiɗa Kapton, wata siririyar leda mai jure zafi, a ƙarƙashi, farantin kuma a yi shi da zaren kabon da ba ya miƙewa sosai. Ya ce ko bai fasa ba, a sararin samaniya inda babu iska gam ɗin kasuwa tururi yake fitarwa ya dusashe gilashin sel. Nan ya tuna min NigComSat-1, tauraron sadarwar Najeriya, da matsalar ɓangaren sola ta kashe a 2008.

Yayana ne ya sake biyan kuɗin sel, abin da ya fi min ciwo kenan. Na biyun ya sha kwano da firiza sati biyu ko tsaga babu. Don Allah in za ka yi, liƙa sel ɗaya tak ka gwada gam ɗin tukuna, ni duka 12 na liƙe a dare ɗaya.