Abin da yajin aiki ya koya mini game da fushin mutane

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin waɗanda suka ajiye aiki a 2018, lokacin da ƙungiyarmu ta JOHESU, wato haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba a Najeriya, ta yi yajin aiki daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu. Buƙatarmu a fili take: an gyara wa likitoci tsarin albashinsu, mu ma a gyara namu. Alawus ɗin haɗarin aiki kuwa naira 5,000 ne a wata, a shekarar da zazzaɓin Lassa ya kashe abokan aikinmu a bakin aiki. Na ɗauka duk wanda ya ji wannan zai tsaya a bayanmu.

Ashe ba haka ba ne. A rediyo masu kiran waya cewa suke ba mu da imani. A cikin adaidaita sahu na ji wata tana ja mana Allah ya isa, ba ta san ɗaya daga cikinmu na zaune a gefenta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata mutane ba su da godiya.

Sai azumi ya kama muna gida. Wani dare bayan asham, wata tsohuwa maƙwabciyata ta yi sallama da jikanta a goye, jikinsa kamar wuta. Ta je asibiti da rana, ta tarar da likita, amma babu mai yanka kati, ɗakin gwaji a rufe, ɗakin magani a rufe. Asibitin kuɗi sun ce sai ta ajiye wani abu kafin a taɓa yaron. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini 'yan canjin da suka rage mata, duk sun cukurkuɗe. Na buɗe baki zan fara mata bayanin albashi, ta tare ni.

"'Yata, ku da gwamnati ku ƙarata can. Ni dai duba mini yaron nan."

"To, Iya, kwantar da shi."

Daren nan na gane cewa ba rashin fahimta ke sa mutane fushi da mu ba. Sun fahimta sarai. Mu muna faɗa da gwamnati, amma kuɗin faɗan daga bakin zanin Iya ake cire shi. Waɗanda muke so su ji a jikinsu, a Indiya ko Masar ko Ingila ake duba su.

A 2021 abin ya juyo kaina. Likitocin NARD, wato ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, suka tafi yajin aiki ranar 2 ga Agusta, suka shafe sama da wata biyu, ga amai da gudawa na ta kwasar mutane a Arewa. Ni ce a ɗakin marasa lafiya ina cewa "babu likita" har bakina ya gaji. Wata rana na ji kaina ina faɗa wa abokiyar aikina, "Anya mutanen nan suna tsoron Allah kuwa?" Maganar matar cikin adaidaita ce ta fito daga bakina.

Har yanzu ban yarda yajin aiki laifi ne ba, domin na sha ganin an sa hannu a yarjejeniya an jefa ta cikin durowa. Amma yanzu da zarar ƙungiya ta ba da wa'adi, nakan fara neman masu ciwon suga da hawan jini su karɓi maganinsu tun da wuri. Masu cikin da ya tsufa kuma in rubuta musu inda za su je in naƙuda ta taso, in ƙara da lambar wayata a ƙasan takardar.