Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san wannan ƙarar. Kana zaune da hantsi sai ka ji kamar an keta sabon yadi a sama, kafin ka ɗaga kai jirgin ya wuce, ya bar maka rugugi. Sansanin sojan sama yana jikin filin jirgin garinmu, kuma nan ne masaukin jiragen Alpha Jet da Kamaru ta saya cikin shekarun 1980. Muna yara a unguwar Yelwa, da mun ji shi sai mu watsar da abin da muke yi mu fito fili. Da yamma kuma mu samo karan dawa, mu fere ɓawon, mu tsittsira shi a totuwa, wai mun ƙera jirgi. Ban taɓa ganin sa a tsaye ba. Inuwa ce kawai mai gudu, amma na girma da son ta.

Yanzu gyaran wayar hannu nake yi a kasuwa. Shekara huɗu ke nan da yayana, wanda yake jan babbar mota tsakanin Duwala da Njamena, ya shigo shago ya ajiye min wani kwali da ya sha hannu. A wajen masu kayan gwanjon Turai ya gan shi a Duwala.

Ya ce, "Ƙane, ga jirginka da kake ƙerawa da kara. Wannan karon Turawa sun yanka maka, haɗawa kawai za ka yi."

Na buɗe. Ba jirgi a ciki. Rassan roba ne launin toka, kowane reshe ɗauke da ƙananan gutsattsari masu lamba, ga wata 'yar takarda mai tambura, ga takardar bayani da Faransanci. Maket ake ce masa a nan, daga kalmar Faransawa. Fouga Magister ne, jirgin koyon tuƙi na Faransa wanda ya fara tashi a 1952, mai jela kamar harafin V, kuma sojan Kamaru sun yi amfani da irinsa. A jikin kwalin an rubuta 1/72. Ma'anarsa, kowane santimita ɗaya a hannuna santimita 72 ne a jikin jirgin gaske. Fukafukan da suka kai kimanin mita 12 sun dawo kusan santimita 17.

Na ce a raina wannan aikin dare ɗaya ne ga mai haɗa cikin waya. A dare ɗayan na gama shi, kuma a dare ɗayan na ɓata shi.

Da hannu na riƙa murɗe gutsattsarin daga reshe, kowanne ya fito da tabo. Gam kuma sufa gulu na shago na ɗauka. Da gari ya waye na tarar murfin matuƙi, wanda jiya yake garau, ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Tururin wannan gam ne yake sauka a kan roba mai haske ya bar mata hazo. Na ɗora jirgin a tebur, sai ya zauna daɓas a kan jelarsa, hancinsa a sama. Jirgin gaske inji da kaya da mutane ne suke daidaita nauyinsa a kan ƙafafu uku, na roba kuwa cikinsa fanko ne, sai an ɓoye masa nauyi a hanci kafin a rufe gangar jiki. Takardar ta faɗa. Ni ne ban tsaya na karanta ba. Da na jiƙa tamburan a ruwa kuma sai suka tarwatse, saboda tsufa ya busar da su.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don na san irin wahalar da kwalin ya sha kafin ya iso hannuna, kuma na san ba shagon da zan je gobe in sayi wani. Wannan Fouga yana nan har yau, ban yar ba.

Wata bakwai na jira kafin na biyu. A wannan zaman na yi ta karatu da kallon masu wannan sana'a a intanet, na san sunayen kamfanonin: Heller na Faransa, Airfix na Ingila, Italeri na Italiya, Tamiya da Hasegawa na Japan. Na fahimci cewa gam ɗin maket ba manna abu yake yi ba. Narka fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ɗigo a bakin tsinken sakace ya isa, kuma shi ya sa in yatsanka ya taɓa wurin kafin ya bushe, zanen yatsan zai zauna a jikin fiffike har abada. Na roƙi wani ɗan unguwarmu da yake karatu a Faransa ya taho min da Alpha Jet, da kwalbar gam mai ruwa-ruwa, da 'yan gwangwanayen fenti. Daga Yawunde kayan suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can suka shigo mota.

Abin da ba wanda ya faɗa min a duk karatun nan shi ne, masu rubuta takardar bayani da masu koyarwar duk mutanen ƙasar sanyi ne. Suna da ɗaki a rufe, iska a tsaye. Ni kuwa a Garwa nake, kuma a watan Janairu na fara.

Ƙurar hunturu ce ta fara koya min hankali. Na shafa fentin farko a fukafukai da rana, na bar shi a buɗe na tafi sallar La'asar. Da na dawo na shafa, sai na ji shi kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Fentin mai yana ɗaukar awoyi kafin ya bushe, duk ƙurar da ta gifta tana samun masauki. Sai da na kankare shi da samfefa mai laushi a jiƙe, na koma baya. Daga nan na sauya lokaci. Bayan sallar Asuba nake fenti, kafin gari ya motsa, kafin masu shara su fara. In yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in rufe taga, in shafa, sannan nan take in kife masa robar wanki mai tsabta. Ba na ɗagawa sai washegari, ko da zuciya tana ce min in leƙa.

Bazara kuma nata daban ne. A Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40. Fentin ruwa, wanda ake yaba wa saurin bushewa, a nan bushewa yake yi a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi, ya bar layi-layi. Maganin da na samu shi ne in tsinka shi sosai, in yi shafa uku ko huɗu siri-siri maimakon ɗaya mai kauri, kuma in zuba kaɗan-kaɗan a murfin kwalba in rufe sauran. Shafar farko muni gare ta, robar tana leƙowa ta ko'ina, a nan ne mutum yake son ya lafta. Kada ya lafta. Ta uku ce take rufewa, kuma siraran layukan da aka zana a jikin robar, waɗanda suke nuna mahaɗar ƙarafan jirgi, suna nan ba su cike ba. Na kuma koyi kada in bar kwali kusa da rufin kwano. Wani ɓangaren fiffike ya lanƙwashe min a haka, sai da na tsoma shi a ruwan zafi, na danne shi tsakanin gilasai biyu na tsofaffin wayoyi har ya huce. Da damina ta sauka, sai laima ta zo da nata: banish marar sheƙi in aka shafa shi ranar da iska ta jiƙe, fari-fari yake yi kamar an barbaɗa gari. Ranar hadari ba na taɓa shi.

Rana ɗin nan dai da take ɓarna ta yi min rana ɗaya. Takardar tambura in ta tsufa tana yin ɗorawa-ɗorawa. Ana manna ta a jikin gilashin taga ta ciki, hasken rana ya wanke ta. A Garwa kwanaki kaɗan suka ishe ni.

Kayan aiki kuwa yawancinsu a teburin shagona na same su. Hantsakin da nake ɗaukar ƙananan sukurori da shi, madubin ƙara girma, abin yanke farce don raba gutsattsari da reshe, reza. Dalmar da muke like wayoyi da ita na nannaɗe na cusa a hancin jirgin. Kafin in sa gam sai na ɗaure gangar jikin da salatif, na ɗora ta a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna, na ga hancin ya rinjaya. Murfin matuƙi kuma da farin gam na kafintoci na kafa shi, ba ya tururi, in ya bushe ba a ganin sa.

Inda na fi daɗewa shi ne hanci. Alpha Jet haɗin gwiwa ne tsakanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus, ya fara tashi a 1973, yana da kujeru biyu gaba da baya da injin Larzac guda biyu. Na Faransa, na koyon tuƙi, hancinsa a dunƙule yake. Na Jamus, na kai hari, hancinsa da tsini. Namu kuwa samfurin MS2 ne, irin wanda Masar ma ta saya, an sake masa fasalin hanci don a sa na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza. Kwalin da ke hannuna na Faransa ne. Da na haɗa shi yadda yake, ba mai ce min komai, ba wanda zai gane a unguwarmu. Amma ni ba jirgin Faransa ne ya riƙa wucewa ta kan gidanmu ba. Na tara hotunan da aka riga aka wallafa, don sansanin soja ba wurin da mutum zai je ya ɗaga waya ba ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada. Na karɓo ɗan mastik wajen wani mai gyaran jikin mota, na ɗora a hancin, na goge, na gwada da hoto, na ƙara, na sake gogewa. Mako biyu ina kan wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. A wannan gugar ne na fara ganin jirgin da gaske: yadda fukafukan suka fito daga kafaɗa suka ɗan sunkuya ƙasa, yadda kujerar baya ta ɗara ta gaba tsawo don na baya ya hango hanya. Shekara da shekaru ina ɗaga kai, ban taɓa lura da ko ɗaya ba.

Tambarin ƙasarmu ma ba ya cikin kwalin. Da hannu na zana shi, kore da ja da ɗorawa, da buroshin da na rage wa gashi har ya zama kamar silin gashi goma. Sauran ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi na ɗauko daga takardar. Su kuma sirrinsu shi ne a fara shafa banish mai sheƙi. A kan fenti mai kaushi iska tana maƙalewa ƙarƙashin tambarin, gefensa ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. A kan mai santsi kuwa kwanciya yake yi luf, sai a bi shi da marar sheƙi daga baya.

Wata rana Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda yake da makarantar allo, ya same ni ina aiki. Ya ɗauki reshen roba ya duba, ya nuna wani ɗan mutum-mutumi mai hular kwano.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan fa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, matuƙin ne."

Ya ce, "Jirgi ba shi da rai, ban ga laifinsa ba. Amma wannan, in za ka iya barin sa, bar shi."

Na bar shi, kuma ban yi nadama ba. Da kujerun suka zama fayau sai ya zama dole in gyara su. Na yanka salatif na takarda siri-siri na yi ɗamarar kujera, na zare silin tagulla daga matacciyar caja na lanƙwasa na yi hannun da matuƙi yake ja in zai fice da kujerarsa. Duk wanda ya leƙa ta murfin yanzu, nan idonsa yake tsayawa.

Kafin ya tafi Kawu ya ƙara wata magana. Ya ce in tuna abin da aka ƙera jirgin don shi. Ban manta ba. A ƙarshen Disamba 2014, da Boko Haram suka mamaye sansanin soja a Ashigashiya, can Arewa Mai Nisa, jiragen sojan Kamaru suka kai musu hari ta sama karon farko. Muna da dangi a wajen Mora da suka bar gonakinsu a waɗannan shekarun. Saboda haka da na zo kan rokoki da bama-baman da ke cikin kwalin, na daɗe ina juya su a hannu. Na bar su a jikin reshe. Tankunan mai kawai na rataya masa.

Wata biyar ya ɗauke ni. Ranar da na cire salatif daga murfin matuƙi na ga gilashin garau, na ɗora shi a tebur ya tsaya cak a kan ƙafafunsa uku, na daɗe ban yi magana ba. Fukafukansa santimita 12 da rabi da ɗoriya, daga mita 9.11 na gaske. Ya zauna a tafin hannuna. Na sa kafinta ya yi masa akwatin gilashi saboda ƙura, na ajiye Fouga ɗin nan mai farin ido a gefensa.

Yanzu akwai kwali na uku a ƙarƙashin gado, nesa da kwano. Jaguar ne, irin waɗanda Faransa ta kai hari da su filin jirgin Wadi Dum a arewacin Chadi ranar 16 ga Fabrairu 1986. Yaya ne ya sake samowa. Babban ɗansa, mai shekara goma sha ɗaya, kullum sai ya zo ya tambaye ni.

"Baffa, yaushe za mu buɗe?"

Na ce masa sai ƙura ta kwanta. Kafin nan na ba shi guntayen rassan da suka rage, da abin yanke farce da samfefa, yana koyon yanka ba tare da ya bar tabo ba.