Baki yana zagin dukiya, kyamara tana yi mata kirari

A nan Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata da makarantar koyar da fim, ba a rasa mai cewa fina-finan Hausa suna yaƙi da son abin duniya. Ni dai ban gamsu ba. Labarin da aka saba shi ne na budurwar da ta guji talakan saurayinta ta auri Alhaji, sannan ta yi nadama a mintuna goman ƙarshe, amma kafin a kai ga nadamar kyamara ta shafe sa'o'i biyu tana shafar kujerun falo, da jerin akwatunan lefe, da motocin da aka ajiye a harabar gida irin na Maitama. Mai kallo yana jin wa'azin da kunne, idonsa kuwa ya riga ya zaɓi labulen da yake so.

Wanda yake son ganin yadda ake tuhumar kwaɗayi da gaske ya nemi Hyènes, fim ɗin Djibril Diop Mambéty na Senegal da ya fito a 1992. Wata tsohuwa, Linguère Ramatou, ta dawo garinsu Colobane da dukiya mai yawa, ta yi alkawarin wadata kowa muddin za a kashe Draman, mai kantin da ya yi mata ciki tana yarinya ya kuma musanta. Mutanen gari suka ƙi, suka ce su masu mutunci ne. Daga nan sai suka fara cin bashi a kantin Draman ɗin, suna ɗaukar kayan da ba su taɓa iya saye ba, aka fara ganin sababbin takalma ruwan ɗorawa a ƙafafunsu, fanka da firji suka shigo gari. Babu wanda ya furta cewa ya amince da kisan, amma duk wanda ya karɓi kaya ya san da kuɗin da zai biya, kuma Draman da kansa yake miƙa musu kayan. A ƙarshe gari ya yi masa taron dangi.

Ƙarfin fim ɗin shi ne bai ware mugu ɗaya da mai kallo zai tsana ya huta ba, domin laifin ya game magajin gari da malamin makaranta da maƙwabci. Mu kuwa mun fi son ɗora shi kan mace guda, galibi uwar amarya, alhali dangi da ƙawaye ne suke ƙirga akwatuna ranar kai lefe, kuma su ne suke yaɗa adadin a unguwa.

Na san uzurin masu shiryawa, wato kasuwa tana son gida mai kyau da sutura mai tsada, kuma fim ɗin da aka ɗauka a gidan haya yana iya kwantai. Sai dai Ousmane Sembène ya yi Mandabi a 1968 da harshen Wolof, a kan wani talakan magidanci a Dakar da aka aiko wa takardar cirar kuɗi ta gidan waya daga Paris, ya kasa karɓar kuɗin don ba shi da katin shaida, alhali 'yan bashi da maroƙa sun riga sun cika masa ƙofar gida, kuma har yau ana koyar da fim ɗin a jami'o'i.