Mako bakwai muna jera waƙoƙi takwas

Shekara huɗu muka yi muna rubuta waƙoƙi tara na kundinmu, wato album, mu biyar: ni mai jita, da mai ganguna, da mai bes (jita mai kaurin murya), da mai fiyano, da mawaƙinmu. Kiɗan da muke yi shi ne furogiresib metal, wato kiɗan jita mai nauyi da kaushi, mai dogayen waƙoƙi da ke sauya ƙirgen bugu a tsakiyar tafiya, yanzu ana rugugi kamar hadari ya haɗo, jim kaɗan kuma sai fiyano shi kaɗai. Ranar da aka gama haɗa sautin waƙa ta ƙarshe na ɗauka mun sauke nauyi. Saura a jera su, kuma a lissafina aikin yamma ɗaya ne. Mako bakwai ya ci mana.

Kundin labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Mawaƙinmu ya yi jinyar mahaifinsa tsawon lokaci har Allah ya yi masa rasuwa, kuma baitocin duk daga can suka fito. Saboda haka jerin farko bai ba mu wahala ba, mun bi labarin yadda ya faru: ranar da aka gano ciwon, dogayen dararen jinya, rasuwa, sai abin da ya biyo baya. A takarda babu abin kushewa. Minti 63 cif.

Sai muka kira 'yar'uwar mai gangunanmu ta saurara, domin tana son irin wannan kiɗa kuma ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba. Ta zauna tsakanin lasifika biyu, ni kuma ina gefe ina kallon hannunta. A waƙa ta farko da ta biyu yatsunta na bin bugun a kan gwiwa. A ta huɗu suka tsaya. Wajen minti na 25 ta jawo wayarta, ta duba, ta kife ta, bayan ɗan lokaci ta sake dubawa. Da aka gama ta ce waƙoƙin sun yi kyau, amma da ɗan'uwanta ya matsa mata sai ta ce, "Yaya, ni fa na kasa gane inda ta huɗu ta ƙare da inda ta biyar ta fara."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban ji daɗi ba a ranar. Waƙoƙin jinyar guda uku ne a jere, dukkansu a hankali suke tafiya, dukkansu a kan muryar D suka zauna, wato matakin sauti ɗaya, domin na rubuta su cikin wata ɗaya ban sake ɗaurin tsirkiyar jitata ba. Kowacce ita kaɗai tana taɓa zuciya. Da suka haɗu sai suka zama wata doguwar hanya mai minti 21 wadda babu kwana babu tudu. Mu da muka san kowace gaɓa ba mu ji haka ba, saboda muna jiran wurare da muka sani suna tafe. Baƙo ba ya jiran komai, abin da ke shiga kunnensa a lokacin kawai yake da shi.

Daga nan muka koma ƙasa, a zahiri. Na yanka kwali tara, kowace waƙa da nata, na rubuta tsawonta, da saurin bugunta a minti, da muryar da ta fara a kai da wadda ta ƙare a kai, da kuma sautin da kunne ke fara ji da wanda yake rabuwa da shi. Muka baje su a dandaɓe muna turawa da ƙafa. Mai fiyano ya lissafa mana cewa abu tara ana iya jera shi ta hanya 362,880, babu mai rayuwar da zai saurare su duka. Amma mahaɗa, wato wace waƙa ce za ta iya bin wace, guda 72 ne kacal. Wannan ana iyawa. Na zauna a kwamfuta na yanko daƙiƙa 20 na ƙarshen kowace waƙa na liƙa da daƙiƙa 20 na farkon kowace, muka kwana biyu muna jin su ɗaya bayan ɗaya.

A nan idona ya buɗe. Ashe kunne yana riƙe da muryar ƙarshe ta waƙa na 'yan daƙiƙu bayan an yi shiru, kuma da ita yake auna abin da ya biyo. Akwai waƙarmu da ke ƙarewa da jita tana amo a kan E-filat, idan aka biyo ta da mai farawa a kan D, rabin taki ke nan a ƙasa, sai ka ji kamar an take maka ƙafa. Idan aka bar shiru na daƙiƙa biyar, ciwon ya tafi, kunne ya manta. Idan aka bar daƙiƙa ɗaya, yana nan. Akwai kuma wuri guda da muka so ciwon da gangan, inda labarin ya kai ga mummunan sakamakon gwaji, sai muka manne su babu numfashi. Wasu mahaɗan kuwa sun yi santsi har sun wuce kima: murya ɗaya, sauri ɗaya, sai waƙa ta biyu ta zama kamar jelar ta farko. Cikin 72 ɗin, waɗanda suka sa mu ɗago kai muka kalli juna ba su kai 15 ba, kuma da su muka gina komai.

Na san ba mu muka fara wannan tunani ba. Ƙungiyar kiɗa ta Dream Theater sun gina kundin Octavarium na 2005 a kan waƙoƙi takwas, kowacce da muryarta, ya fara a kan F ya zagayo ya ƙare a kan F. Na daɗe da sanin haka a matsayin abin burgewa. Sai da na zauna da mahaɗan namu na fahimci cewa dabara ce ta hana kunne zama wuri ɗaya.

Abu na biyu mun same shi daga injiniyan da ya yi mana mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin faifan garmaho. Da na tura masa jerinmu na uku, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ina gefen farko ya ƙare?" Na ce, "Baba, ai ba za mu buga garmaho ba, intanet ne da CD." Ya ce duk da haka in raba masa kundin gida-gida, kowane gida kada ya wuce minti 20 da 'yan kai.

Ya yi mini bayani. Faifan garmaho mai inci 12 yana ɗaukar kamar minti 22 a kowane gefe kafin a fara rage ƙarfin sauti. Kuma yayin da allura ke matsawa ciki, zagayen yana ƙanƙancewa, sautuka masu kaifi suna dusashewa, shi ya sa masu jerawa na da suke sa waƙa mai ƙarfi a bakin faifai, mai sanyi a can ciki. Dole ce ta haifar da tsarin, amma tsarin ya dace da mutum: a buɗe da ƙarfi, a sauka, a tashi a juya faifai, kunne ya huta, a sake buɗewa. Ƙungiyar Rush sun cika gefen farko na kundinsu 2112 a 1976 da waƙa guda mai minti 20 da ɗoriya, wanda ya kai ƙarshenta dole ya miƙe kafin ya ci gaba. Da CD ya fito a 1982 da minti 74, daga baya 80, sai wannan hutun ya ɓace, kuma masu irin kiɗanmu suka fi kowa cika faifai har baki. Kundin Lateralus na ƙungiyar Tool a 2001 ya kusa minti 79. Wanda ya iya riƙe mai sauraro tsawon haka ya iya, amma faɗin faifai ba ya ƙara wa kunne juriya.

Wannan ya fi tsanani a metal. Jita mai kaushi da gangunan ƙafa biyu suna cika kowane lungu na sauti, bayan kwata ɗaya na awa kunne ya saba, abin da ya girgiza ka a minti na biyu ya zama kamar ƙarar inji a minti na 18. Nauyi ba ya jin nauyi sai an ajiye shi kusa da marar nauyi. Waƙarmu mafi zafi, mai bugu 190 a minti, a jerin farko tana bin wata mai zafi, kuma ba wanda ya kula da ita. Da muka sa ta bayan minti biyu na jita marar lantarki, mai bes da ya buga ta sau ɗari sai da ya zabura a kujera.

Da muka raba gida uku sai matsalar ta fito fili. Minti 63 ba su rabu da kyau ba, duk yadda muka juya gida na tsakiya yana kumbura. Mai ganguna ne ya faɗi abin da kowa ke kauce wa: ɗaya daga cikin waƙoƙin jinya ba ta da aikin yi, abin da take faɗa maƙwabciyarta ta riga ta faɗa. Tawa ce. Minti shida, kuma a cikinta ne na yi kiɗan jita ni kaɗai da na fi alfahari da shi a rayuwata. Na yi gardama kwana huɗu, na gwada ta a gaba, na gwada ta a baya, na gwada gajarta ta. A ƙarshe na saurari kundin ba tare da ita ba, ni kaɗai da dare, kuma ban ji gurbinta ba. Wannan ya fi gardamar zafi. Muka cire ta, kundin ya koma waƙa takwas, minti 57: gida na farko 19, na biyu 18, na uku 20.

Sauran waƙoƙin jinya biyu muka raba su. Ɗaya ta dawo can gaba, wato kundin yanzu yana farawa daga tsakiyar labari sannan ya waiwaya. Mawaƙinmu ya sake rera baiti biyu domin lokacin ya daidaita, shi ke nan. Na ji tsoron labarin zai rikice, sai ga shi ya fi kama da yadda mutum ke tuna abu.

Kan waƙar buɗewa mun yi saɓani. Da farko muna da shimfiɗa ta minti biyu, iska da ƙararrawa da fiyano daga nesa. Mai bes ya kawo maganar cewa Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ba ya ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30, kuma mutane na tsallakewa tun kafin nan. Ni ba na son manhaja ta tsara mana kundi, har yau ma haka nake. Amma na yarda cewa wanda bai san mu ba, ba ma bin sa bashin haƙuri. Muka rage shimfiɗar zuwa daƙiƙa 40 muka haɗe ta da waƙar farko. Na ji sanyi a raina lokacin da na tuna cewa a Nuwamba 2021 Spotify ya daina sa gauraya waƙoƙi a matsayin abin da babban maɓallin kundi ke yi ga masu biyan kuɗi, bayan roƙon mawaƙiya Adele. Ko ba komai, wanda ya danna zai ji su yadda muka jera.

Akwai ƙaramin abu da ya kusa kuɓuce mana. Inda waƙa ta huɗu ke narkewa cikin ta biyar, dole a sa alamar rabuwa a wani wuri, kuma wanda ya kunna ta biyar ita kaɗai zai fara da guntun amon da ba nata ba. Sai da muka matsar da alamar sau shida kafin ta faɗa daidai kan bugun ganga na farko.

Babbar waƙar, mai minti 17, ita ce ta rasuwa. Al'adar wannan kiɗa ita ce a rufe da doguwa, kuma uku daga cikinmu haka suka so. Na tsaya a kan cewa labarin bai ƙare da mutuwa ba, akwai washegari, akwai ɗakin da babu kowa. Muka sa ta ta bakwai, muka rufe da waƙar fiyano da murya mai minti uku. Har yanzu mai ganguna yana ganin da mun tsaya a kan rugugin ƙarshe da ya fi, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba.

Ranar ƙarshe a situdiyo ta tafi ne a kan shiru. Na saba da daƙiƙa biyu da manhajojin buga CD ke sawa da kansu tsakanin waƙoƙi, ban taɓa tunanin abin zaɓa ba ne. Dattijon nan kuwa idan waƙa ta ƙare sai ya ci gaba da buga yatsa a kan tebur da saurinta, ya shigo da ta gaba daidai inda bugu na ɗaya zai faɗo. Bayan waƙarmu mai ƙirgen bakwai, bakwai ya ƙirga, sau biyu. Ba wanda zai san an yi haka, amma jiki yana ji, sabuwar waƙar tana shigowa a lokacin da ƙafa ke jiranta.

Da muka zo tsakanin ta bakwai da ta takwas sai ya ɗauke hannunsa daga tebur. Ya juya wajen mawaƙinmu ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Rufe idonka, idan ka shirya jin fiyano ka ɗaga hannu." Aka kunna minti biyu na ƙarshen doguwar waƙar, gangunan suka tsaya, amon jita ya janye har ya mutu. Muna zaune babu mai motsi, ina jin ƙarar fankar kwamfuta. Ya ɗaga hannu, dattijon ya danna alama. Daƙiƙa tara ne. Muka maimaita sau biyu ba tare da ya ga agogo ba, na biyu tara, na uku tara da rabi. Tara muka bari.